Bayani a kan saukar Attaura ga Bani Isra'ila

Ka sani, ya kai almajiri, Allah bai saukar wa Bani Isra'ila shari'a ba sai bayan ya tsamo su daga hannun Fir'auna. Ya yi wa Annabi Musa, alaihis salam, wa'adin dare 30 a dutsen Ɗuri, ya cika da 10. Can aka ba shi alluna, tauhidi ne farkon umurninsu. Kafin ya sauko, Samiri ya ƙera musu maraƙin zinariya, Annabi Haruna yana hani, ba su ji ba. Malamina yakan yi kuka a nan. Sai da na yi furfura na gane dalili: dare 40 kaɗai suka rabu da annabinsu, mu kuwa shekara fiye da 1400. Allah ya tabbatar da dugaduganmu. Wallahu a'alam.