Kwalejin da Navajo Suka Kafa wa Kansu

A 1868, bayan an tsare su shekara huɗu a sansanin Bosque Redondo, 'yan ƙabilar Navajo suka ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Amurka. Cikin alkawuran da aka ɗaukar musu har da aji da malami ga kowane yara 30. Abin da akasarinsu suka gani daga baya makarantun kwana ne, inda ake aske wa yaro gashi, a hore shi in an ji yana magana da harshen gidansu.

Shekara ɗari cif da wannan alkawari, a 1968, majalisar ƙabilar ta gaji da jiran gawon shanu. Ƙarƙashin shugabanta Raymond Nakai, ta kafa Navajo Community College, kwalejin shekara biyu, ta farko a Amurka da wata ƙabilar 'yan asalin ƙasa ta mallaka kuma take gudanarwa.

Dalilin a fili yake. Ƙasar Navajo ta kai murabba'in kilomita kusan 70,000, gida nan, gida can, mutane suna kiwon tumaki. Ƙabilar tana biya wa 'ya'yanta kuɗin jami'a a birane, amma da yawa sai su dawo ba takarda. Ba rashin kai ba ne. Yaron da ya tashi a bayan garke, aka jefa shi inda ba mai jin yarensa, kewar gida kaɗai ta ishe shi.

Da aro aka fara. A Janairun 1969 aka buɗe azuzuwa a ginin wata sakandaren gwamnati a Many Farms, jihar Arizona. Robert Roessel, farar fata ne da ke auren 'yar ƙabilar, shi ya fara riƙe kwalejin, bai daɗe ba ya miƙa wa Ned Hatathli, ɗan gida.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bikin keɓe filin dindindin a Tsaile, a 1971. Wani dattijo masanin gargajiya, Charlie Benally, ya zo da sandar da manomansu ke huda ƙasa da ita lokacin shukar masara, ya shuka makarantar kamar iri. Ɗan majalisar tarayya Wayne Aspinall yana wurin, kuma a shekarar majalisar Amurka ta zartar da dokar ba kwalejin kuɗi. Harabar ma da'ira aka yi ta, mashigarta na duban gabas, irin ɗakin gargajiyarsu da suke kira hogan.

Wasu ƙabilu suka bi sahu, har aka yi dokar tallafa wa irin waɗannan kwalejoji a 1978. A 1997 kwalejin Navajo ta koma Diné College. Diné shi ne sunan da 'yan Navajo suke kiran kansu, wato "mutane". Shekara guda bayan haka ta yaye ɗalibanta na farko masu cikakken digiri, a fannin koyarwa.