Burodi da Harsashi: Wasan da Ya Tsorata Turawan Mulki

Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta a kan masu haƙar kwal a mahaƙar Iva Valley da ke Inugu. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni. Laifinsu shi ne sun rage saurin aiki don neman haƙƙinsu, da aka ce an kore su kuma suka ƙi barin mahaƙar. Hukuma ta tura 'yan sanda su kwashe nakiyar fasa dutse, tana tsoron kada ta faɗa hannun masu neman 'yanci. A wajen kwashewar ne wani Baturen ɗan sanda ya ba da umarnin harbi.

Gwamnati ta kafa kwamitin bincike, ya rubuta rahoto. To amma mutum nawa ne a lokacin ke iya karanta rahoton Turanci? Wanda ya ɗauki labarin ya kai shi gaban talakawa gari-gari shi ne Hubert Ogunde, Bayarabe ɗan wasan kwaikwayo, wanda shi kansa tsohon ɗan sanda ne. A 1950 ya shirya wasa mai suna Bread and Bullet, wato burodi da harsashi: mutane sun nemi abin sawa a baki, aka amsa musu da bindiga.

Ba wannan ne karonsa na farko ba. A watan Yuni na 1945 ma'aikatan Najeriya, da na jirgin ƙasa a sahun gaba, suka shiga yajin aikin gama-gari saboda tsadar rayuwa da Yaƙin Duniya na Biyu ya jawo. Michael Imoudu ne fitaccen jagoransu, kuma an shafe sama da kwana 40 ana yi kafin daga baya a ƙara musu kuɗin rage raɗaɗi. Ogunde ya mayar da wannan gwagwarmaya wasa mai suna Strike and Hunger, wato yajin aiki da yunwa, da waƙa da kiɗa da rawa. Da ya kai shi Jos a 1946, 'yan sanda suka tsayar da shi, aka ci shi tara. Da ya zo Arewa da wasan Inugu kuwa, a Kano aka hana shi nunawa.

A nan ne darasin yake. Hukumar da ta bari aka buga rahoton bincike, ita ce ta hana wasan daɓe. Ta san rahoto a kan kanta yake kwana, shi kuwa wasa, lebura da ɗan dako da mai sayar da abinci a tasha duk suna ganewa. Wanda ya ga matar mai haƙar kwal tana kuka a kan dandali ba ya buƙatar tafinta. Gani ya kori ji.

Abin da daɓe ya yi jiya, shi fim ɗin gaskiya, wanda ake haɗawa da hotunan abin da ya faru da bakin waɗanda suka shaida, yake yi a yau. Shekara 63 bayan Inugu, ranar 16 ga Agusta, 2012, 'yan sandan Afirka ta Kudu suka harbe masu haƙar ma'adinai 34 da ke yajin neman ƙarin albashi a Marikana. A 2014 Rehad Desai ya fitar da fim ɗin Miners Shot Down, inda ya jera hotunan kwanakin da suka gabaci harbin ɗaya bayan ɗaya, har mai kallo ya auna bayanin hukuma da idonsa. Duk wanda ya san labarin Inugu, in ya kalle shi zai ga hanya ɗaya ce aka sake bi.

'Yan'uwa, mu ma muna da namu labarin. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda daular Ingila ke samun mafi yawan kuzarta. Sai ido ya koma kan mahaƙun Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka kwashi kimanin mutum 100,000 daga ƙauyukan Arewa aka kai su haƙar kuza dole. Ta hannun En'e aka bi: a yanka wa hakimi adadi, shi kuma ya raba wa dagatai. Tsofaffi suna kiran abin “ɗiban gwamna”. Manoma suka bar gonaki, suka tarar da sanyin tsaunin Filato, ga ƙarancin abinci, ga cuta a barikoki. Da yawa sun mutu a can, da yawa sun gudu da dare a ƙafa.

'Ya'yanmu da ke karatu a nan Ingila ana koya musu Yaƙin Duniya na Biyu tun suna ƙanana, amma da wuya a ce musu gumin kakanninsu yana cikinsa. Mu iyayensu kuma, masu tuƙin tasi da gadi da jinyar tsofaffi, muna fama da batun albashi da sa'o'in aiki kamar baƙon abu ne, alhali kuwa gado ne.

Wanda aka ɗiba yana saurayi a 1943 ya kai shekara 100 in yana raye. 'Ya'yansu da suka ji daga bakinsu ma sun manyanta. Don haka shawara ga membobinmu na gida: a ɗauki waya a zauna da dattawan unguwa, a naɗi abin da suka ji, da sunan ƙauye da na barikin da aka kai mutum. Mu na waje mu ɗauki nauyin tacewa da fassara. Matasanmu kuma su tsara gajeren wasa daga ciki, su nuna a taron Sallah. Mutanen da suka tashi da tashe da wasan gauta ba sai an koya musu faɗa wa mai iko gaskiya cikin kwaikwayo ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka tafi Jos ba su dawo ba, Ya ba mu ikon riƙe sunayensu.