CDH1: ƙwayar gadon da ke haɗa ƙwayoyin jiki, da alaƙarta da sankarar tumbi

CDH1 wata ƙwayar gado ce da ke kan kuromozom na 16 a jikin ɗan Adam. Ita ce ke ba jiki umarnin ƙera furotin mai suna E-cadherin, wanda ke manne ƙwayoyin halittar fata da na shimfiɗar tumbi, hanji da nono da junansu, kamar yadda siminti ke riƙe bulo. Mannewar ba ta yiwuwa sai da sinadarin kalsiyam. Masanin ƙasar Japan Masatoshi Takeichi ne ya gano wannan rukunin furotin.

Idan CDH1 ta lalace, ƙwayoyin sai su saki juna. Wannan ke ba ƙwayoyin sankara damar kutsawa cikin naman da ke kewaye da su, su bazu zuwa wasu sassan jiki.

A shekarar 1998, Parry Guilford da abokan aikinsa na jami'ar Otago, a ƙasar Niyu Zilan, suka gano nakasar CDH1 a wani dangin ƙabilar Maori da sankarar tumbi ta kashe musu mutane da yawa tun suna matasa. Wanda ke ɗauke da nakasar, uwa ko uba, kowane ɗansa na da yiwuwar gadonta kashi 50 cikin 100. Mata kuma suna fuskantar ƙarin haɗarin wani nau'in sankarar nono.

Wannan sankarar wuyar ganowa gare ta, domin ba ta yin ƙullutu. A ɓoye take yaɗuwa cikin bangon tumbi, har na'urar leƙen ciki kan wuce ba ta gan ta ba. Shi ya sa likitoci kan ba wanda gwajin ADN ya nuna yana da nakasar shawarar a cire masa tumbin gaba ɗaya, galibi tsakanin shekara 20 zuwa 30 da haihuwa. Bayan tiyatar, mutum zai riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, ana ba shi bitamin B12 tsawon rayuwarsa.

Sai dai irin wannan ta gado ba ta wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na sankarar tumbi ba. Mafi yawanta na da nasaba da ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda ake maganinta. Iyalin da cutar ta kama mutum biyu ko fiye, musamman masu ƙarancin shekaru, ya kamata su sanar da likita.