Gardama a Kan Littattafan Soyayya na Kano

Cikin shekarun 1980, da tattalin arzikin Nijeriya ya raunana, kamfanonin ɗab'i suka rage buga littattafan Hausa. Sai matasa a Kano suka fara buga labaransu da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991. Littattafan suka bazu har Jamhuriyar Nijar.

Daga nan gardama ta tashi a jaridu. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu suna "Adabin Kasuwar Kano", yana ganin za su shuɗe kamar ƙananan littattafan kasuwar Onica. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu, domin sun ja mata da yawa ga karatu, sun kuma fito da zancen auren dole da zaman kishiyoyi fili.

A 2007 gwamnatin Kano ta ƙone wasunsu a bainar jama'a. Duk da haka, a 2012 aka buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne cikin Turanci a Indiya.