Daga Kwalin Taba Zuwa Teburin Baje Koli: Tarihin Katunan Besbol a Amurka

A shekarar 1969, mutum 13 suka taru a wani gida a garin Brea na jihar Kalifoniya, kowa ya zo da tsofaffin katunan da ya tara don a gani, a yi musaya. Masu bin tarihin wannan harka suna ɗaukar zaman a matsayin ɗaya daga cikin tarukan farko na masu tara katin wasanni a Amurka. Kafin nan, yawancinsu ta wasiƙa suka san juna. Abin da ya haɗa su ɗan guntun kwali ne da bai cika tafin hannu ba, ɗauke da hoton ɗan wasan besbol, wasan nan na dukan ƙwallo da sanda da Amurkawa ke ji da shi.

Masu sayar da taba ne suka fara buga shi da yawa. A shekarun 1880, kamfanoni irin su Allen & Ginter na Richmond da Goodwin na New York, mai tabar Old Judge, suka riƙa cusa kati a cikin kwalin sigari, don ya hana karan tabar lanƙwashewa, ya kuma ja mai saye ya dawo neman hoton da bai samu ba. Tsakanin 1909 da 1911, kamfanin American Tobacco ya fitar da jeri mai katuna 524, cikinsu har da na Honus Wagner na ƙungiyar Pittsburgh. Ba a jima ba aka dakatar da buga nasa. Wasu sun ce ba ya son yara su sayi taba saboda hotonsa, wasu sun ce batun kuɗi ne. Waɗanda suka rage a duniya yau 'yan gomomi ne kawai, kuma a 2022 an sayar da ɗaya a kan dala miliyan 7.25.

Mutumin da ya fi cancantar a tuna da shi a wannan labari, a ganina, ba ɗan wasa ba ne, ba kuma attajiri ba. Jefferson Burdick ma'aikacin kamfanin kayan lantarki ne a Syracuse, mai fama da ciwon gaɓoɓi. Shi ya zauna ya rarrabe katunan Amurka gida-gida, ya ba kowane jeri harafi da lamba a kundin da ya fara fitarwa a 1939. Jerin da Wagner yake ciki shi ya sa masa T206, kuma har gobe da wannan lambar dillalai ke kiransa. Daga baya ya ba gidan tarihi na Metropolitan da ke New York kyautar abin da ya tara, kimanin guda 300,000, ya shafe shekaru yana manna su a kundaye da hannuwan da ciwo ya nakasa. Ya kammala a farkon 1963, ya rasu cikin 'yan makonni.

Bayan taba sai cingam ya karɓa. Goudey na Boston ya shigo a 1933 da katunan Babe Ruth har huɗu, sannan Topps na Brooklyn ya fitar da jerinsa na 1952 mai katuna 407. Kashin ƙarshe na jerin, wanda Mickey Mantle yake ciki a lamba 311, ya fito kakar wasa ta kusa ƙarewa, sai ya yi kwantai. Sy Berger, wanda ya tsara katunan, ya ba da labarin cewa daga baya sun loda ragowar a jirgin ruwa suka zubar a tekun Atlantika. Waɗanda suka shiga hannun yara kuma, an ɗaure su da roba, an maƙala su a tayar keke don su riƙa ƙara, iyaye mata sun watsar da sauran sa'ad da 'ya'yan suka bar gida.

Waɗannan yaran ne suka girma suka cika tarukan shekarun 1970. Baje kolin yankin Filadelfiya ya fara a 1975, kuma yana ci har yanzu. A 1980 aka yi babban taron ƙasa na farko a Los Angeles, wanda a 1991 a Anaheim ya tara mutum kusan 100,000. Sai dai wannan sau ɗaya ne a shekara, kuma ba kowa ke da kuɗin jirgi da otal ba. Harkar ta rayu ne a kan tarukan yankuna, irin na Chantilly a Virginia, da White Plains a New York, da Strongsville a Ohio wanda ya yi suna da tsofaffin kaya, da ɗaruruwan ƙanana da ake yi a zauren otal ko na makaranta ranar Asabar.

Tsarinsu kamar na kasuwar ƙauye ne mai ci rana-rana: kowane dillali da teburinsa da ya kama haya, kowa ya san inda wane yake zama, kuma ba a sayen abu sai an yi ciniki. Mai neman tsohon kati yakan zo da takardar lambobin da suka rage masa da ɗan madubin ƙara girma. Zai duba kusurwoyi huɗu, ya duba ko hoton ya zauna a tsakiya, ya karkata katin ga haske don gano lanƙwasar da ido ba ya gani kai tsaye. Idan T206 ne, sai ya juya bayansa, domin tallar tabar da ke baya na iya ninka farashi: Piedmont da Sweet Caporal suna da yawa, Drum da Uzit kuwa sai an sha wuya. Irin wannan sani a gefen tebur ake koyonsa, daga bakin dattijon da ya riƙe dubban katuna a hannunsa. Hoton intanet ba ya nuna kaurin kwali.

Kuɗi da suka shigo, ha'inci ya biyo su. A 1991 Wayne Gretzky da Bruce McNall suka sayi wani katin Wagner a gwanjon Sotheby's kan dala 451,000, kuma shi ne kati na farko da kamfanin tantancewa na PSA ya ba maki, 8 cikin 10. A 2013 dillali Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa ya datse gefen katin don ya yi kyau, aka kuma ɗaure shi kan maguɗin gwanjo. Duk da haka tantancewa ta kafu. Yau katuna masu tsada a rufe suke cikin roba mai tauri da lamba a samanta, kuma da yawa cikin sababbin masu saye lambar suke dubawa, katin ya zo daga baya. Wannan asara ce, ko da ta rage jabu. Katin Mantle da aka sayar a kan dala miliyan 12.6 a 2022, wanda ya sayar da shi ya saye shi ne a 1991 daga hannun dillali Alan Rosen kan dala 50,000, da idonsa ya auna shi, babu maki babu roba.

Akwai abin da mai yawo tsakanin teburan nan zai lura babu shi. Har zuwa 1947, lokacin da Jackie Robinson ya shiga ƙungiyar Brooklyn, an hana baƙaƙen fata buga wasa a manyan ƙungiyoyi, kuma kamfanonin taba da cingam na Amurka ba su buga hotunansu ba. Mai neman katin baƙar fata kamar Oscar Charleston sai ya je teburin 'yan tsirarun dillalan da ke da katunan Kuba na shekarun 1920. Sanannen katin Josh Gibson a Puerto Rico aka buga shi wajen 1950, bayan rasuwarsa. A 2024, da aka haɗa alƙaluman gasar baƙaƙen fata da na manyan ƙungiyoyi, Gibson ya hau kan Ty Cobb a matsakaicin dukan ƙwallo na tsawon rayuwar wasa. Cobb yana da katuna huɗu a jerin T206 kaɗai, ana kuma samun su a kusan kowane babban taro.