Shugabancin Kwalejin Joliet

Kwalejin Joliet da ke jihar Illinois ita ce mafi daɗewa cikin kwalejojin gwamnati masu karatun shekara biyu a Amurka. An buɗe ta a 1901 da ɗalibai shida kacal, a cikin ginin makarantar sakandaren garin. Mutum biyu ne suka haɗa kai wajen kafa ta: J. Stanley Brown, shugaban sakandaren, da William Rainey Harper, shugaban Jami'ar Shikago.

Abin mamaki, ta shafe shekara sittin da wani abu ba ta da shugaba nata na kanta, hukumar sakandare ce ke juya akalarta. Sai a 1967 jama'ar yankin suka kaɗa ƙuri'a ta tsaya da ƙafarta, aka naɗa Elmer Rowley shugaba na farko.

Mace ta farko da ta hau kujerar ita ce Eugenia Proulx, a 2006, ta kuma rasu tana kan mulki a 2011. Judy Mitchell kuwa 'yar gida ce: a nan ta yi karatu, ta fara da ƙaramin aikin ofis, har ta zama shugaba a 2016. Clyne Namuo ne ya gaje ta a 2022.