Yaren Da Ake Yi Wa Na'ura Magana

Kwanakin baya 'yar maƙwabciyata ta shigo min ɗaki tana matsar ƙwalla. Wai ta ce za ta karanci ilmin kwamfuta, yayyenta suka bushe da dariya, suka ce wannan karatun maza ne. Na ce zauna ki sha ruwa, in ba ki labari. Shi ne zan maimaita miki, 'yar'uwa.

Ita kwamfuta, duk wayon nan nata, ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci. Abu biyu kacal ta sani, wuta ta shiga ko ba ta shiga ba, wato 1 da 0. Kuma ba ta da "ai kin gane". Kamar yarinyar da za ki koya wa girki ce, in ba ki ce ta kunna wuta ba, haka za ta ɗora tukunya ta zauna. Dole a jera mata umarni ɗaya bayan ɗaya.

Tun a 1843 wata Baturiyar Ingila, Ada Lovelace, ta rubuta irin wannan jerin umarni domin injin lissafin da Charles Babbage ya zana, alhali ba a ma taɓa ƙera injin ba.

Sai a 1945 aka gama haɗa ENIAC a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, ƙatuwar na'ura mai nauyin kusan tan 30, don ta riƙa yi wa soja lissafin inda harsashin igwa zai faɗa. Mata shida aka ɗora wa aikin ba ta umarni. Babu yare a lokacin, da hannu suke zare wayoyi su soka, su murɗa makunnai, wani lissafin sai su kwashe kwanaki suna shirya shi. Allah Sarki, da aka nuna na'urar ga 'yan jarida a 1946 ko sunansu ba a ambata ba. Har yau abin na ci min rai.

Bayan wayoyi aka koma rubuta umarni da lambobi zalla. Ki kuskure lamba ɗaya, aiki ya rushe, kuma nemo kuskuren ya fi tsintar tsakuwa a shinkafa wuya. To wannan wahalar ce ta haifi yarukan.

Grace Hopper, malamar lissafi kuma sojar ruwan Amurka, ta ce me zai hana na'urar ta yi wa kanta tafinta? Mutum ya rubuta da alamomin da yake ganewa, wani shiri a cikin na'urar ya mayar da su lambobi. A 1952 ta fito da irin wannan tafinta. Da ta ce har da kalmomin Turanci za a iya, aka ce mata ina, na'ura ba ta jin Turanci. Ba ta saurare su ba, ita da ma'aikatanta suka yi FLOW-MATIC, wanda daga gare shi kwamitin da ya tsara COBOL a 1959 ya ɗebi abubuwa da yawa, don lissafin albashi da ajiyar banki. A kwamitin ma akwai mace, Jean Sammet.

Su ma mazan sun yi nasu, kar in ci haƙƙinsu. John Backus na kamfanin IBM ya jagoranci FORTRAN a 1957 saboda masana kimiyya, sannan a 1964 aka yi BASIC a kwalejin Dartmouth don ɗaliban da ba lissafi suke karanta ba su ma su taɓa.

Yarinyar ta share hawaye ta ce, "Anti, ita Grace ɗin ta daɗe tana aikin?" Na ce sai da ta kai shekara 79 ta ajiye kakin soja, a 1986. Kuma COBOL ɗin nan har gobe manyan bankunan duniya da dama da shi suke lissafin kuɗin mutane.